Gida a unguwar tarihi: wa ke da ikon hana ka taɓa shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Chicago ta Amurka tare da iyalina. Mun ga wani tsohon gida a Oak Park, ɗaya daga cikin garuruwan da ke gefen birnin, kuma kuɗinsa ya yi daidai da ƙarfinmu. Sai dillali ya ce gidan yana cikin unguwar da aka sa a rajistar tarihi ta ƙasa. Wani abokina ya ce kada in kuskura, wai ko taga ba zan canza ba sai da izinin gwamnatin tarayya. Haka abin yake? Kuma me ya sa garuruwan nan suke cike da irin waɗannan unguwanni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa a yi a sa'a. Abokinka ya ji ƙishin-ƙishin ɗin magana, amma ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Gwamnatin tarayya ba ta da ruwa da tagarka. Mai iya ce maka "dakata" ita ce hukumar garin Oak Park, ita ma ba a kan komai ba.

Rajistar da dillalin ya ambata ta samo asali ne daga wata doka da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1966. Shekarun da suka gabace ta shekarun rusau ne. Ana shimfiɗa manyan hanyoyi ta tsakiyar birane, ana share tsofaffin unguwanni da sunan sabuntawa, kuma a 1963 aka fara rushe tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a New York, abin da ya ƙona wa jama'a rai ƙwarai. Dokar ta 1966 ta zo ne don ta ɗaure wa gwamnatin tarayya hannu, domin ita ce ke zuba kuɗin yawancin wannan rusau. Sashe na 106 ya ce duk aikin da kuɗin tarayya ko lasisinta ya shiga, sai an tsaya an duba illar da zai yi wa wurin tarihi. Ko a nan ma ba a ce haramun ba ne a rushe. An ce ne a duba, a tuntuɓa, a nemi hanyar rage ɓarna. Kai kuwa da za ka yi gyara da kuɗin aljihunka, wannan sashe bai shafe ka ba. A ƙarƙashin dokar tarayya kaɗai, mai gidan da ke cikin rajista yana iya sake masa fenti, ya canza rufi, ya sayar, ya ma rushe shi. Ba a tilasta masa buɗe ƙofa ga 'yan yawon buɗe ido. Tun 1980 ma, idan mai gida ya ƙi amincewa ba a sa gidansa a rajistar, haka idan mafi yawan masu gidajen unguwa suka ƙi.

Hukumar kula da gandayen ƙasa ce ke riƙe da rajistar, kuma wuraren da ke ciki sun haura 95,000. A bisa al'ada sai wuri ya kai shekara 50, sannan ya zama yana da nasaba da wani muhimmin abin da ya faru, ko wani sanannen mutum, ko fasahar gini, ko kuma akwai abin da masu tono za su iya koya daga gare shi. Akwai wani mataki na sama da wannan, na wuraren da darajarsu ta shafi ƙasar baki ɗaya, waɗanda ba su wuce 2,600 da 'yan kai ba. Duk wannan girmamawa ce da ƙofar samun rangwame, ba katanga ba ce. Wanda ya san ganuwar Kano ya san wannan: tana cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, amma hakan bai hana a ci gefenta ana gini ba, domin suna a takarda daban, mai tsaro a wurin daban.

A Amurka mai tsaron shi ne dokar gari. Gundumar Cook, wadda Chicago ke cikinta, tana da mutane sama da miliyan 5 da garuruwa fiye da 130, kowanne da majalisarsa da dokokinsa na gini. Kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar a 1978, a shari'ar tashar Grand Central ta New York, cewa gari yana da ikon hana mai gini ɓata ginin tarihi ko da mallakarsa ne. Amma wani gari ya yi amfani da wannan iko sosai, wani ya yi dokar da ba ta da haƙori, wani bai yi komai ba. Shi ya sa gidaje biyu masu shekaru ɗaya, tsakaninsu tafiyar minti goma a mota, ɗaya ba ya taɓuwa, ɗayan kuma gobe ana iya kawo masa katafila.

Oak Park tana cikin waɗanda suka ɗauki abin da muhimmanci. Tana da unguwannin tarihi uku: ta Frank Lloyd Wright, ta Ridgeland, da ta Gunderson, kuma tana da kwamitin mazauna gari da ke duba ayyukan gini a cikinsu. Abin da kwamitin ya fi sa wa ido shi ne rushewa, ko ta gidan duka ko ta wani sashe nasa da ake gani daga titi. Irin wannan sai da takardar amincewa, wadda suke kira Certificate of Appropriateness. Wasu ayyukan na waje shawara kawai ake ba ka a kansu. Cikin gida kuwa, kicin da bayi da ɗakunan yara, a yawancin lokuta izinin gini na yau da kullum ya wadatar. Gidan da aka ware shi kaɗai aka ba shi matsayin abin tarihi na gari, shi ne aka fi tsaurarawa a kansa. Don haka tambayar da za ka fara yi ita ce matsayin wannan gidan kansa. A kowace unguwar tarihi an raba gidaje kashi biyu: masu ƙara wa unguwar daraja, da waɗanda kawai suka tsinci kansu a ciki saboda an gina su daga baya ko an canza musu kama. Idan naka yana cikin na biyun, da wuya ka ji nauyin dokar.

Kan tambayarka ta biyu, amsar tana bin layin dogo. Garuruwan nan sun tashi ne a bakin tashoshin jirgin ƙasa, kuma bayan gobarar Chicago ta 1871 masu hali da yawa sun fita daga birni suka yi gini a gefe. Suna da kuɗi, suna son sabon abu, sai suka ɗauki matasan masu zanen gini. A 1889 ɗaya daga cikinsu, Frank Lloyd Wright, yana ɗan shekara 22, ya gina gidansa a Oak Park, ya ƙara masa ɗakin aiki a 1898, kuma daga nan salon gidaje masu faɗi, masu rufin da ya zarce bango sosai da jerin tagogi ya bazu. Gine-ginensa a garin sun kai kusan 25. Majami'ar Unity Temple da ya gama a 1908, wadda ya yi da zubin kankare a lokacin da ake ganin kankare kayan masana'anta ne, ta shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2019 tare da wasu gine-ginensa bakwai. A wannan gari aka haifi marubuci Ernest Hemingway a 1899.

Ni dai wanda ya fi burge ni shi ne Riverside, kudu maso yamma da Oak Park, don a can ba gini ɗaya aka karrama ba, tsarin garin ne gaba ɗaya. Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux, waɗanda suka tsara babban lambun Central Park na New York, su suka zana shi a 1869 a kan fili mai kusan eka 1,600 a bakin kogin Des Plaines. Suka ƙi miƙaƙƙun tituna irin na Chicago, suka yi masu lanƙwasa suna bin yanayin ƙasa, suka bar filayen ciyawa a mahaɗar hanyoyi, suka ja gidaje baya daga titi. Har yau fitilun gas ne ke haska titunan. An ba garin matsayi na sama a 1970, amma ya zo a makare ga gidan Babson da Louis Sullivan ya zana, domin an rushe shi tun 1960. A arewa kuma akwai hasumiyar haska jiragen ruwa ta Grosse Point a Evanston, ginin 1873, da gidan Charles Dawes, mataimakin shugaban ƙasa daga 1925 zuwa 1929, da ɗakin ibadar Baha'i na Wilmette da aka buɗe a 1953, da makarantar Crow Island ta Winnetka, ginin 1940.

Abin da ke ci wa garuruwan nan tuwo a ƙwarya yanzu shi ne tsadar fili. Mutum ya sayi ƙaramin tsohon gida ba don gidan ba, don ƙasar da yake kai, ya baje shi ya dasa ƙato. A Glencoe an nemi izinin rushe wani ƙaramin gida na Wright, ginin 1913, kuma dokar garin ba ta iya komai sai jinkirtawa. Da ƙyar aka cece shi a 2020, ta hanyar ɗauke shi ɗungurungum aka kai wani filin shaƙatawa. Ganin irin wannan ya sa ba na kallon dokar Oak Park a matsayin takura. Dokar da za ta sa ka cika takarda ita ce za ta hana maƙwabcinka gina abin da zai tare maka rana.

Akwai kuma gyaran da nake so a yi wa jerin kansa. An daɗe ana karrama gidajen masu kuɗi da aikin shahararrun masu zane, ana mantawa da sauran mutane. A Oak Park ɗin nan, masanin sinadarai Percy Julian, baƙar fata, ya sayi gida a 1950, aka yi yunƙurin ƙona shi tun kafin iyalin su tare, aka sake kai masa hari a 1951. Garin ya yi dokar hana wariya a harkar gidaje a 1968. A Maywood, sai a 2022 aka ba gidan da Fred Hampton, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, ya tashi a ciki matsayin abin tarihi na gari. Wannan ma tarihin wurin ne, kuma ya kamata baƙon da zai zauna a can ya san shi.

Batun kuɗi. Rangwamen haraji na kashi 20 cikin ɗari da tarayya ke bayarwa na gine-ginen da ke kawo kuɗin shiga ne, kamar shaguna da gidajen haya, ba na gidan da mutum yake zaune ciki ba. Wanda zai amfane ka shi ne na jihar Illinois: idan gidan yana cikin masu ƙara wa unguwa daraja, kana zaune a ciki, kuma ka kashe aƙalla kashi 25 cikin ɗari na ƙimar da jami'in haraji ya yi masa wajen gyara, za a tsayar da ƙimar da ake lissafa harajinka a kanta har shekara 8, sannan ta riƙa hawa sannu a hankali cikin shekara 4. A gundumar da harajin gida yake da nauyi kamar Cook, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Sharaɗin shi ne ofishin adana tarihi na jiha ya amince da aikin, don haka ka tuntuɓe su kafin ma'aikata su ɗaga guduma.

Abin da ya fi cancantar ka damu da shi ba kwamiti ba ne, tsufan gidan ne. Duk gidan da aka gina kafin 1978 yana iya kasancewa da fenti mai dalma, wanda ke cutar da ƙananan yara, kuma doka ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana abin da ya sani game da shi. Bututun da ke kawo ruwa daga titi ma yana iya zama na dalma, wayoyin lantarki na iya zama na farkon ƙarnin da ya wuce, kuma ɗumama tsohon gida a hunturun Chicago yana cin kuɗi. Ka ɗauki mai binciken gida wanda ya saba da tsofaffin gine-gine. Tagogin katako da abokinka ya ambata kuwa, kada ka yi gaggawar cire su. Sau da yawa gyara su da ƙara musu gilashi na biyu ya fi sayen sababbi araha, kuma katakon da aka yi su da shi ya fi na yanzu ƙarko.

Kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka je ofishin hukumar gari da adireshin gidan, ka nemi jami'in da ke kula da adana tarihi. Ka tambaye shi matsayin gidan, ka faɗa masa duk abin da kake da niyyar yi, ko ƙarin ɗaki ne a baya, ko gareji, ko farantan sola a rufi, ka roƙi ya ba ka amsar a rubuce. Ka kuma nemi tarihin izinin ginin gidan, domin idan mai shi na baya ya yi wani aiki ba da izini ba, kai za ka gaji matsalar.