Hukuncin Zama a Kwamiti Ɗaya da 'Yan Wata Jam'iyya

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni sakataren jam'iyyar adawa ne a mazaɓarmu, a jihar Katsina. 'Yan bindiga sun hana mu noma gonakin nesa, mutanen wasu ƙauyuka sun taso suna kwana a firamaren garinmu. Ciyaman, wanda ɗan jam'iyya mai mulki ne, ya kafa kwamitin tsaro da rabon tallafi, ya sa sunana. 'Yan jam'iyyarmu sun ce in na shiga na ci amana, kuma wanke gwamnati kawai zan yi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Shigarka ta halatta. In ma kana da abin da aikin ba zai yi kyau ba sai da shi, kamar sanin mutanen ƙauyukan nan gida-gida, to lamarin ya matsa kusa da wajibi, domin kare rayuka da ciyar da mayunwaci farilla ce a kan jama'a, in kowa ya bari kowa ya yi laifi.

Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 2, a taimaki juna a kan aikin alheri da taƙawa, kada a taimaki juna a kan saɓo da zalunci. Ka duba abin da ya zo daf da wannan umarni a cikin ayar: kada ƙin mutanen da suka tare ku daga Masallaci Mai Alfarma ya sa ku ƙetare iyaka. Wato an saukar da ita ne Musulmi suna ɗauke da ciwon abin da Ƙuraishawa suka yi musu. Ma'aunin da ayar ta aje shi ne aikin da za a yi, ko wane ne ya kira shi.

Kafin annabci, wani baƙon falke daga Yaman ya sayar wa As bin Wa'il kaya a Makka, ya hana shi kuɗinsa. Sai wasu dangogin Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi bin Jud'an, suka yi alkawarin tsayawa da duk wanda aka zalunta. Shi ne Hilful Fudul. Annabi (SAW) ya halarta yana matashi, kuma bayan Musulunci ya ce da za a kira shi ga irinsa, da ya amsa. A Hudaibiyya ma, shekara ta 6 bayan Hijira, ya rantse cewa duk abin da Ƙuraishawa suka nema wanda akwai girmama alfarmomin Allah a cikinsa zai ba su. Waɗancan masu bautar gumaka ne. Kai kuwa ciyamanka wataƙila sahu ɗaya kuke tsayawa ranar Juma'a.

Abin da ke ba ni baƙin ciki shi ne yadda jam'iyya ta koma mana kamar ƙabila. Lokacin da wani Muhajiri da wani Ba'ansare suka yi faɗa, kowa ya kira mutanensa, Annabi (SAW) ya ce a bar wannan kira, mai wari ne. Sunayen nan biyu kuwa Alƙur'ani ya yabe su, balle sunan jam'iyyar da shugabanninta kan sauya sheƙa kafin kowane zaɓe. Mun ga rayukan da aka rasa a Arewa bayan zaɓen 2011. Mun kuma ga yadda Jonathan da Buhari suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a 2015, babu wanda ya bar jam'iyyarsa don haka, ƙasa ta samu sauƙi.

Sai dai tsoron abokanka ba na banza ba ne. Sau da yawa akan sa ɗan adawa a kwamiti don a ɗauki hoto kawai, sannan buhunan masara su bi ta ƙofar baya zuwa gidajen 'yan jam'iyya. In ka ga an kawo takardar da ta ce an raba wa mutum ɗari alhali talatin aka ba, sa hannunka shaidar zur ce, tana cikin manyan zunubai. Haka nan in 'yan sa-kai suka kamo mutum da zargin infoma ne ba tare da hujja ba, ko don Bafulatani ne kurum, ba ka da izinin yin shiru. Nan aikin ya fita daga taimakon juna a kan alheri da ayar ta yi umarni da shi, ya faɗa taimakon juna a kan saɓo da zalunci da ta hana. Ka yi nasiha, in an ƙi ji ka janye, ka faɗi dalilinka a fili.

Game da amana kuwa, Musulmi suna kan sharuɗɗansu, sai sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal. Sirrin jam'iyyarka amana ne, kada ka kai shi teburin kwamiti, kada kuma ka karɓi wani abu a ɓoye. Amma babu alkawarin da zai hana ka ceton rai. Ka je wurin shugaban jam'iyyarku na mazaɓa da rana tsaka, ka gaya masa za ka shiga, ka roƙi ciyaman a riƙa karanta sunayen masu karɓar tallafi a gaban mai unguwa da limami.

Wallahu a'alam.