Tsofaffin 'yan resilin: ɗaga yara suke ko danne su?

Ɗana, na ji kokenka. An haɗa ka wasa da wani tsohon hannu da ya kusa sa'an mahaifinka, mai tsara wasa ya ce shi zai ci, ranka kuma ya ɓaci. Kana so ka san ko tsofaffin nan taimakon ku suke yi, ko kuwa sun tare hanya ne kawai sun ƙi matsawa.

Fara cire maganar ci da faɗuwa daga zuciyarka. A resilin an gama yanke wanda zai ci tun kafin a kaɗa ƙararrawa. Abin da ba wanda ya isa ya yanke shi ne yadda 'yan kallo za su ɗauke ka bayan an tashi. Ni da wannan nake auna tsoho: yaron da ya shiga ringi da shi, ya fito da ƙima fiye da wadda ya shiga da ita, ko ta ragu?

Nemi wasan Bret Hart da Steve Austin na WrestleMania 13, babban taron shekara na kamfanin WWF (WWE a yau), a watan Maris na 1997, ka zauna ka kalle shi a tsanake. Ƙa'idar wasan ita ce sai ɗaya ya sallama da bakinsa. Bret ya murɗe ƙafafun Austin da kamunsa na Sharpshooter, jini na zuba daga goshin Austin yana gangarowa har haƙoransa, ya yunƙura ya kusa ɓalle kamun, ya koma ƙasa, amma ya ƙi sallamawa har ya suma. Ken Shamrock, wanda shi ne alƙalin wasan, ya tsayar. Bret ne ya ci. Sai ya koma yana dukan ƙafar mutumin da ke kwance, da gangan, don jama'a su juya masa baya su koma bayan Austin. Ka ga mutum ya ɗauki farin jinin da ya yi shekaru yana tarawa ya miƙa wa na baya da hannunsa. Shekara guda bayan nan Austin ya karɓi kambu a hannun Shawn Michaels, kamfanin ya hau kansa. To gaya mini, faɗuwar da ya yi a 1997 ta rage shi da me?

Bret ya san zafin abin ne shi ya sa. A 1993, a WrestleMania ta tara, shi ne sabon jini mai riƙe da kambu. Yokozuna ya kayar da shi, kafin jama'a su gama haɗiye wannan sai ga Hulk Hogan ya shigo, cikin ƙasa da minti ɗaya ya ƙwace kambun. Aka tashi taro ana maganar Hogan, an manta da mutum biyun da suka yi aikin daren. Wannan shi ne dannewa na gaskiya. Kamfanin WCW kuwa ya mayar da shi ɗabi'a. Hogan na da sharaɗi a kwantiraginsa da ya ba shi ta cewa kan yadda za a tsara wasanninsa. A Disamban 1998 Kevin Nash ya karya dogon jerin nasarorin Goldberg, tauraron da kamfanin ya gina da kansa, ya karɓe kambunsa, sannan ranar 4 ga Janairun 1999 Hogan ya dungure ƙirjin Nash da yatsa ɗaya, Nash ya zube da gangan, kambu ya koma hannun Hogan. Yara na gefe suna kallo. Chris Jericho ya tattara ya tafi a 1999, Eddie Guerrero da abokansa uku suka bi a Janairun 2000, kuma Jericho da Guerrero duk sun riƙe babban kambu a WWF, inda suka koma. An sayar da WCW a Maris na 2001. Asarar kuɗi da rasa gurbin talabijin ne suka ƙarasa shi, amma kamfanin da ya kori gobensa da kansa ba shi da abin tsayawa a kai.

Sai dai kada ka ɗora wa tsoho duk laifin. Sau da yawa mai tsara wasa ne yake jin tsoro, ya ga sunan da aka sani ya fi saurin sayar da tikiti. Haka WWE ta ɗauko Goldberg yana da shekara 53, a Fabrairun 2020 a Riyad, ya kayar da Bray Wyatt cikin 'yan mintuna ya karɓe kambu, bayan an yi watanni ana nuna Wyatt a matsayin dodon da ba ya jin duka. Wannan ya ɓata mini rai, har yau ina jin sa. Kambu a ƙugun wanda ba ya zuwa aiki kowane mako hasara ce ga duk wanda ke zuwa. Amma sunan tsoho da ke cika kujeru shi ne kuma ribarka, domin wanda ya sayi tikiti don ya ga tsohon dole ya gan ka. Dubi tsoho Sting da matashi Darby Allin a kamfanin AEW, daga ƙarshen 2020 har Sting ya yi ritaya a Maris na 2024 yana da shekara 64. Ya tsaya kusa da yaron, bai tsaya a gabansa ba.

Yanzu ga abin da ba a gani daga kujerar kallo, wanda shi ya sa nake cewa amfanin tsofaffi ya fi cutarwarsu. Lokacin da tsoho ya maƙale kanka a hammatarsa, kumatunka na manne da haƙarƙarinsa, za ka ji yana magana ƙasa-ƙasa ba tare da leɓensa ya motsa ba: "Tsaya. Kar ka tashi tukuna. Saurare su." Ku yara kuna sauri, kuna so ku zazzage duk abin da kuka iya cikin minti biyar, jama'a ba su gama jin daɗin na farko ba kun wuce na huɗu. Shi zai riƙe ka har tafin ya fara tasowa daga kujerun baya, sannan ya matse ka sau ɗaya, alamar yanzu. Wannan ilimin ba a makarantar horo yake ba, sai a jikin wanda ya yi shekaru yana sauraron taro.

Nan ne kuma za ka gane wane iri aka ba ka. Ka kai masa naushi, in ya yi taga-taga, ya riƙe muƙamuƙi, ya dubi jama'a kamar yana mamakin ƙarfin yaron nan, to ya ba ka kyautar da ta fi ci. In ka yi masa babban kamunka ka danne, ya bari hannun alƙali ya kusa taɓa ƙasa karo na uku kafin ya ɗaga kafaɗa, ya gaya wa kowa cewa saura ƙiris ka ci shi. Wanda ya ɗaga a ƙirgen farko yana murmushi kuwa ya kashe kamun nan, sai ka yi watanni kafin a sake yarda da shi.

Saboda haka ranar wasa ka riga shi zuwa. Ka same shi a ɗakin sa kaya, ka gaishe shi, ka tambaye shi yadda yake so a tafiyar da wasan, ka bar shi ya gama magana. Ka tambayi inda yake da tsohon ciwo, gwiwa ko wuya, don ka kiyaye masa. Bayan nan ka roƙi abu ɗaya tak: wuri guda a wasan da jama'a za su ɗauka ka ci. Yawancinsu za su ba ka fiye da haka in sun ga ladabi. In kuma ya shiga ya ƙi nuna jin dukanka, kada ka rama da dukan gaske, jikinsa amana ne a hannunka kamar yadda naka yake a nasa. Ka ƙarasa wasan lafiya, ka yi masa godiya, ka zo ka same ni da bidiyon, ni zan je wurin mai tsara wasa.