Amsa kan kayan gudu a sanyin Mancesta

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na saurari tambayarka: kana Mancesta ta Ingila, za ka shiga gudun fanfalaki na watan Afrilu, kilomita 42, ga atisayen ya faɗo a tsakiyar Janairu, kana son sanin me za ka riƙa sawa.

To, ka fara cire sanyin hunturun gida daga ranka. Namu busasshe ne, kana jibga kaya ka gama da shi. Na nan da danshi yake zuwa, ga yayyafi ga iska, kuma abin da ke kayar da mai gudu shi ne jiƙewa. Jiƙaƙƙiyar riga tana zuƙe ɗumin jiki da sauri ƙwarai, kuma yawanci ba ruwan sama ke jiƙa ta ba, guminka ne. Shi ya sa wanda ya lafta kaya ya fi shan wahala: minti 20 ya yi sharkaf, iska ta buge shi, sai rawar ɗari.

Ka duba waya kafin ka fita, ka ƙara kamar digiri 8 zuwa 10 a kan abin da ta nuna, ka yi shigar wannan yanayin. In ta ce digiri 3, ka yi shigar mai yawo a digiri 12. In ka tsaya bakin ƙofa ka ji ɗumi sosai, kayan sun yi yawa, koma ka rage. Ya kamata minti goman farko ka ɗan ji sanyi.

Rigar da ke taɓa fata ita ce magana. Ban da auduga ko kaɗan, har singileti da gajeren wando da safa. Auduga tana shan gumi ta riƙe. Ka nemi ta foliyesta ko ta ulun merino (wato gashin wani irin tumaki mai laushi), mai dogon hannu, wadda ta ɗan kama jiki. A kanta jaket marar nauyi mai tare iska, mai zik, don in ka yi zafi ka zuge zuwa ƙirji. Riga ta uku a tsakiya sai in an sauka ƙasa da sifili. Ƙafafu ba su da matsala sosai tunda su ke aikin, dogon wando mai kama jiki ya isa.

Hannu da kunne kuwa kar ka yi wasa da su, don jiki yana janye jini daga can ya kare ciki. Daga digiri 5 zuwa ƙasa, safar hannu da hular da ta rufe kunne. Ka shafa basilin a leɓe, kumatu, tsakanin cinyoyi da kan nono, wanda ya taɓa yin kilomita 25 da jiƙaƙƙiyar riga ya san dalili. In bayan asuba za ka fita, ka goge ruwan alwala sarai tukuna.

Sai iska. Ka fara gudun kana fuskantar ta, ka dawo tana bayanka. In ka juya tsarin, za ka tare ta ne lokacin da ka jiƙe ka gaji. A gudun fanfalaki na birnin Boston ta Amurka a 2018 an yi ruwa da iska, sanyin bai wuce 'yan digirori sama da sifili ba, amma ƙwararru da dama suka fita daga tseren. Yuki Kawauchi ɗan Japan da Desiree Linden ta Amurka suka lashe.

Ka motsa jiki a ɗaki minti 10, kar ya kai ga gumi, sannan kilomita biyun farko a hankali. Mai asma ya rufe baki da hanci da ƙyallen wuya, ya riƙe maganin shaƙarsa a aljihu. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4, saboda haka riga mai ƙyalli da fitilar goshi. In titi na sheƙi da safe, ƙanƙara ce, ka gajarta taku ko ka bi ciyawa.

Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, ka sha kamar rabin lita awa biyu kafin fita. Gudun da ya wuce awa ɗaya da rabi, ka riƙe ruwa da dabino, biyu ko uku duk minti 40. Waya a aljihun ciki, sanyi na cinye batir.

Kana tsayawa, cikin minti 10 ka tuɓe jiƙaƙƙun kayan, ka sa busassu, ka sha shayi. In kyarma ta ƙi tsayawa, harshe ya yi nauyi, ko abokin gudunka ya fara ruɗewa, alama ce ɗumin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35. A shigar da shi ɗaki, a cire jiƙaƙƙun kayan, a lulluɓe shi, a kira 999, lambar agajin gaggawa ta Ingila.

Ranar tseren kuma ka tafi da tsohuwar rigar sanyi da za ka iya yarwa, don tsayuwar jiran a tashi ta fi gudun kansa sanyi. Allah ya ba da sa'a.