Tana karanta Turanci tiryan-tiryan, amma tana faɗuwa a gwaji

Tambaya: Malama, 'yata tana aji 6 a firamare. Muna so ta zana jarrabawar shiga sakandare ta NECO, ko Allah Ya sa ta samu Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke nan Zariya. Tana karanta Turanci tiryan-tiryan, amma in aka zo amsa tambayoyi sai ta faɗi. Babanta ya ce a ƙara mata lesin. Me kike gani? Daga wata uwa a Tudun Wada.

Amsa: Hajiya, kafin a ƙara kuɗin lesin, ki gwada wani abu yau da daddare. Ki ba ta ɗan gajeren labarin da ba ta taɓa gani ba, ta karanta a bayyane, sannan ki rufe littafin ki ce ta ba ki labarin da Hausa. In ta yi zuru, ko ta hau maimaita jimlolin Turancin kamar mai tilawa, to kin gano ciwon: baki ne ke karatun, kai bai bi ba. Yaranmu sun saba da hadda tun daga makarantar allo da Islamiyya, kuma baiwa ce babba. Sai dai wannan jarrabawa sabon labari take kawowa, ta tambayi wa ya yi, me ya faru, don me. Ba abin da za a haddace.

Ki ware minti 15 kullum tsakanin magariba da isha. Ta karanta, ke kuma ki yi ta tambaya: don me yaron ya gudu? A wane layi kika ga haka? Ta ɗora yatsa a wurin. Ko ba kya jin Turanci sosai za ki iya, tunda da Hausa za ta amsa miki. Kada kuma ki raina littattafan Hausa. Yarinyar da ta iya kamo ma'ana da harshenta ba ta shan wahalar kamo ta da Turanci.

Sai batun lokaci. Ki sayo tambayoyin shekarun baya a shagunan littattafai na Sabon Gari, ta riƙa yi sau ɗaya a mako, agogo na gabanta. Ta fara duba tambayoyin kafin ta karanta labarin. Ta kuma saba da cike gurbin amsa da fensir, domin yaro kan tsallake tambaya ɗaya ya manta bai tsallake layinta a takardar amsa ba, shi ke nan sauran duk sun goce.

In tana manna littafi a fuska ko tana tsallake layi, a kai ta a duba idonta. Lesin kuwa, in kwafe allo kawai ake yi, gara Alhaji ya sayo mata littattafan labarai da kuɗin.