Taɓon da ke aman iskar gas a ƙasan teku

Ƙanena, ka tambaya ko tsaunin taɓo na ƙarƙashin teku irin tsofaffin duwatsun aman wuta ne na Panyam da Kerang a nan Filato, kuma ko da gaske akwai ƙanƙarar da ke kamawa da wuta.

Ba ɗaya ba ne, nan ɗalibai ke yawan tuntuɓe. Na Panyam narkakken dutse suka amayar. Na teku kuwa laka ce da ruwa da iskar mitan (wata iskar gas mai kamawa da wuta), matsin ƙasa ke tunkuɗo su sama, kamar kunu na tafarfasa a tukunya, sai dai galibi babu zafi sosai.

Batun ƙanƙarar kuwa gaskiya ne. Inda ruwa ya zarce kusan mita 500, ga sanyi ga matsi, mitan kan maƙale cikin ƙwayoyin ƙanƙara. Fara ce fat, ana ɗaukowa tana kumfa tana narkewa, ka kanga ashana ta kama. Guntu ɗaya na sakin iska ninkinsa kusan 160. Akwai ta a zurfin tekun Neja Delta, Japan ma ta gwada haƙo tata a 2013.

Kar ka rubuta cewa ana sayar da ita, har yanzu gwaji ake. Don aikinka, leƙa sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Jos, su duba maka taswirar girgizar sauti, wato hoton cikin ƙasa da ake samu ta hanyar aika sauti.