Ku Tambaya Mu Amsa: Ruwan Yankari zai warkar wa Inna da gwiwa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, daga Gusau nike rubutowa. Innarmu ta kai shekara 3 tana fama da ciwon gwiwa, sallah ma yanzu bisa kujera take yi. Shi ne ƙanena ya nuna mata bidiyo a TikTok na mutane suna wanka a ruwan zafin Yankari wai yana maganin sanyin ƙashi, tun rannan ba ta da zance sai a kai ta. Don Allah gaskiya ne ko kuɗin mota za mu yi asara? Tana da hawan jini kuma.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Ruwan da kuka gani shi ne Wikki, yana cikin dajin Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, kuma fa ba ruwan zafi ba ne irin wanda kuke zato, ɗumi ne kawai, digiri 31 yake dare da rana, rani da damina, alhali jikin mutum kansa digiri 37 ne. Yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse garai-garai har kina ganin yashin ƙasa da yatsun ƙafarki.

Zai yi mata daɗi kuwa? Sosai ma. In mutum ya shiga ruwa har ƙirji ruwan ne ke ɗauke yawancin nauyinsa, gwiwa ta samu hutu, ɗumin kuma ya saki jijiyoyi, sai ki ga tsohuwar da ke dafa bango tana miƙe ƙafa tana lanƙwashewa ba ko wash. Amma in gurunguntsin gwiwa ne ya cinye, wanda shi ya fi damun iyayenmu mata, babu ruwan da zai mayar da shi, bayan 'yan kwanaki ciwon zai dawo inda yake. Masu bidiyo ba sa nuna wannan ɓangaren.

Batun hawan jini shi ne nake so ki riƙe. Ruwan ɗumi yana buɗe hanyoyin jini, jinin ya sauka, mai shan magani in ta miƙe da sauri sai jiri ya ɗebe ta. Wikki da sauƙi tunda bai da zafi can, duk da haka a fara ganin likitanta, ta sha ruwa kafin ta shiga, minti 15 zuwa 20 ta fito ta huta, kuma wata na kusa da ita. Kar ta nutsa kai ruwa ya shiga hanci. Ruwan yana cikin kwari sai an gangara, saukar da sauƙi, hawowar ce aiki ga mai gwiwa. Ga gwaggon biri, yo su ba su san kunya ba, ledar abinci a hannunki za su fizge.

Tafiyar ma ba wasa ba ce, Gusau zuwa Bauchi yini guda ne a mota, sannan daga Bauchi a bi hanyar Gombe a karkata a Dindima, sama da kilomita 100 kafin a kai. Zaman motar kaɗai ya isa ya kumbura gwiwa, kuma kin san halin hanyoyinmu, da rana ake tafiya. In da hali ku kai ta da sunan hutu da buɗe ido, ta kwana biyu ko uku. In babu, tawul a ruwan ɗumi safe da yamma da ganin masu gashin ƙashi a asibiti sun fi mata amfani.

TAMBAYA: Anti daga Argungu, wai me ke dafa ruwan nan? Abokina ya rantse aikin aljanu ne.

AMSA: Ka ce wa abokinka ya bar aljanu su huta. Cikin ƙasa zafi gare shi, duk kilomita ɗaya da aka nutsa zafin na ƙaruwa da kusan digiri 25 zuwa 30. Ruwan sama ne ke tsiyaya can ƙasa ya ɗumama ya samu tsaga a dutse ya dawo sama. Haka yake a Ruwan Zafi na Lamurde a Adamawa, haka a Ikogosi ta jihar Ekiti inda mai ɗumi da mai sanyi ke haɗuwa wuri guda.