Yadda yaron da ba ya gani zai san zane

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na ga tambayarki a kan ɗanki mai shekara 10 da ya rasa gani tun yana ƙarami, wanda yake jin yayyensa na hirar zanen da suka yi a makaranta, yana tambayarki yadda abin yake. Allah ya ba ki ladan ɗawainiya. Ni malamin zane ne, kuma na taɓa koyar da yara masu larurar gani, shi ya sa na ga ya dace in sa baki.

Ranar farko na zana gida da bishiya da mutum da rana, na bi layukan da gam na manna zare, na ba wani yaro. Ya daɗe yana shafawa, can ya ce, "Malam, igiyoyi ne a harɗe." Da na bi da shi ɗaya bayan ɗaya, sai ya tambaye ni me ya sa mutumin ya fi bishiyar tsawo. Na ce ai bishiyar tana nesa. Ya ce nesa ba ta rage wa bishiya tsawo. Kuma da gaskiyarsa, domin a wajen hannu abu ko dai an kai gare shi ko ba a kai ba. Daga ranar na gane cewa ido yana haɗiye hoto gaba ɗaya a ƙiftawa guda, shi kuwa yatsa tsinta yake yi kaɗan-kaɗan, sai zuciya ta harhaɗa. Duk abin da za ki yi masa, ki gina shi a kan wannan.

Ki fara da ainihin abu kafin hotonsa. Ki ba shi ganyen mangwaro ya jujjuya, ya sansana. Sai ku danna ganyen a kan yumɓu ya bar sawu, ya shafa sawun. Bayan nan ne za ki fitar da gefen ganyen kaɗai da zare a kan kwali. Abu ɗaya a shafi ɗaya, kada ki cika. Kafin ya taɓa, ki faɗa masa abin da ke ciki, ki bar shi ya zagaya kusurwoyi huɗu na kwalin ya san girmansa. Kada ki damƙe hannunsa kina ja, ki sa naki a ƙarƙashin nasa, ya bi ki in ya ga dama. Yara da yawa sun tsani a fizgi hannunsu, kuma ban ga laifinsu ba.

Mu Hausawa ma mun yi sa'a, don yawancin adonmu hannu na karanta shi. Ƙwarya mai sassaƙa, faifai, aikin aska takwas a ƙirjin babbar riga, ɗinkin hula, aikin dukawa a jakar fata, duk layukansu a tashe suke. Tsofaffin gidajen Zariya da Kano da Damagaram kuwa, magina sun fito da dagi da sauran ado a jikin bango yadda tafin hannu zai bi. Na taɓa tsayawa da wata ɗalibata gaban irin wannan bango, ta bi dagin da yatsa har ta dawo inda ta fara, ta ce ashe hanya ɗaya ce take nannaɗe kanta. Ni da idona ban taɓa lura da hakan ba.

Launi ne mai wuya. Kada ki ce masa ja zafi ne kawai, ki tsaya nan. Ki ba shi labarin inda launin yake zaune a rayuwarmu: fari na tufafin Juma'a da na likkafani, kore na gona bayan ruwan farko, shuɗi na baba, wanda in kun je karofin Ƙofar Mata a Kano zai ji warinsa tun kafin ku ƙarasa.

A waje an yi nisa da wannan. A 2015 gidan adana zane na Prado da ke Madrid ya fitar da kwafin zane shida masu tudu da kwari domin a shafa, har da gilashi mai rufe ido ga masu gani da ke son gwadawa. A birnin Ancona na Italiya akwai gidan tarihin Omero tun 1993, wanda wasu ma'aurata makafi suka assasa, inda taɓawa ita ce ƙa'ida. Akwai kuma Esref Armagan na Turkiyya, makaho tun haihuwa, wanda yake zane da yatsunsa, yana barin launi ɗaya ya bushe kafin ya sa wani.

Saboda haka shi ma ki bar shi ya zana nasa. Ki shimfiɗa takarda a kan ragar waya irin ta taga, ki ba shi kala mai maiƙo ta 'yan firamare, duk layin da ya ja zai ji shi da ɗaya hannun. In ya gama, kada ki yi saurin cewa me ya zana, ki tambaye shi. Ku fara da ƙwaryar furar gidanku, ki dawo ki ba mu labarin abin da ya ce.